Warner Oland (1879–1938): Baturen da Ya Zama Charlie Chan

Tsakanin shekarar 1931 da ta 1937 kamfanin sinima na Fox da ke Amurka ya fitar da finafinai 16 a kan wani ɗan sandan ciki Basine mai suna Charlie Chan, mutum mai ƙiba da sanyin murya, wanda ba ya tsere da ɓarawo, ba ya kokawa da mai kisan kai, sai dai ya zauna ya yi ta tambaya cikin ladabi har mai laifi ya tona wa kansa asiri. Wanda ya fito a matsayin wannan ɗan sanda a cikin finafinan nan duka shi ne Warner Oland. Shi kuwa ba Basine ba ne, ba shi ma da wata dangantaka ta jini da ƙasar Sin. Bature ne haifaffen ƙasar Suwidin, wanda ya taso da burin zama gwanin wasan kwaikwayo na dandamali, amma rayuwa ta karkata da shi, har ta kai mutane suka manta sunansa suna kiransa da sunan wanda yake kwaikwaya.

Asalinsa da Tasowarsa

An haife shi ranar 3 ga watan Oktoba na shekarar 1879 a wani ƙauye mai suna Nyby, cikin yankin Bjurholm a arewacin Suwidin, aka raɗa masa suna Johan Verner Ölund. A cikin 1892 iyayensa suka bi ayarin dubban mutanen ƙasarsu da ke ƙaura zuwa Amurka neman abinci, yana da shekara 13. A can ya yi karatu a birnin Boston, ya koyi Turanci har ya ƙware, sa'an nan ya gyara sunansa yadda bakin Amurkawa zai iya furtawa.

Tun yana saurayi ya faɗa harkar wasan kwaikwayo. Ya yi wasannin Shakespeare, ya kuma yi yawo gari-gari tare da ƙungiyar Alla Nazimova, wata shahararriyar 'yar wasa daga Rasha wadda ta yi suna wajen gabatar da wasannin Ibsen. A cikin 1908 ya auri Edith Gardener Shearn, mai zanen hotuna kuma marubuciyar wasanni. Wannan baiwar Allah ta koyi harshen mijinta, suka haɗa kai suka fassara wasannin August Strindberg daga Suwidanci zuwa Turanci, aka buga su a 1912. Wannan aiki yana cikin fassarorin farko da suka sa masu jin Turanci suka san Strindberg, kuma ya isa ya nuna irin mutumin da Oland yake ɗaukar kansa, watau ma'abucin adabi mai zurfi, ba ɗan wasan ba-ni-in-ba-ka ba. To, amma adabi mai zurfi bai cika ciyar da mai shi ba. A shekarar nan ta 1912 ya fito a fim ɗinsa na farko, Pilgrim's Progress, daga nan kuwa ƙafarsa ta fara barin dandamali.

Zamanin Mugunta

A wancan lokaci finafinai ba su da magana, saboda haka fuska ita ce jarin ɗan wasa. Oland yana da faffaɗar fuska da idanu masu nauyin fatar sama, kuma masu shirya fim suka ga cewa da ɗan gyara kaɗan zai yi kama da mutanen Gabas mai nisa, aƙalla a idon Baturen da bai san su ba. Shi kansa yakan ce yana da jinin Mongol a cikin kakanninsa, amma abin da aka sani na asalin gidansu bai nuna haka ba. Ko ma dai yaya ne, wannan fuska ta zame masa arziki, ta kuma zame masa tarko. A cikin Patria na 1917 ya fito a matsayin wani basaraken Japan mai ƙulla wa Amurka makirci, fim ɗin da ya yi tsanani a kan Japanawa har Shugaba Woodrow Wilson ya nemi a sassauta shi. A cikin The Lightning Raider na 1919 ya zama Wu Fang, mugun da ke farautar jarumar nan Pearl White mako-mako.

Domin a fahimci dalilin da ya sa irin waɗannan finafinai suke da kasuwa, sai a tuna cewa tun 1882 Amurka ta kafa dokar hana ma'aikata Sinawa shiga ƙasarta, ba a kuwa soke ta ba sai 1943. A 1924 aka ƙara wata dokar da ta toshe ƙofa ga kusan dukkan mutanen Asiya. Jaridu da littattafan hira sun cika da labarin Basine mai shan tabar ofiyom, mai ɓoye wuƙa a hannun riga, mai sace 'yan matan Turawa. Kan gaba a cikin waɗannan dodanni shi ne Dakta Fu Manchu, wanda marubucin Ingila Sax Rohmer ya ƙirƙira. Da kamfanin Paramount ya tashi mayar da shi fim mai magana a 1929, Oland aka ɗauka, ya kuma sake fitowa a matsayinsa a 1930 da 1931. Watau kafin ya zama Basine na kirki, shi ne fuskar mugun Basine a idon duniya.

Akwai wani abu da ya faru kafin wannan wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A watan Oktoba na 1927 kamfanin Warner ya nuna The Jazz Singer, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mabuɗin zamanin finafinai masu magana, ko da yake mafi yawansa shiru ne. Oland ne ya fito a matsayin uban jarumin, wani limamin waƙa na majami'ar Yahudawa wanda ba ya son ɗansa ya zama mawaƙin gidan rawa. A wurin da ɗan, watau Al Jolson, yake zaune yana kaɗa fiyano yana yi wa mahaifiyarsa hira da murya ana ji, sai uban ya shigo ya daka tsawa da kalma ɗaya tak ta a dakata. Daga wannan kalma sai fim ɗin ya koma shiru, aka ci gaba da rubuta magana a allo. Abin mamaki ne a ce mutumin da aka sa ya tsawata wa sabon zamani shi ne wanda sabon zamanin zai ɗaukaka fiye da akasarin tsararrakinsa.

Yadda Magana Ta Raya Labarin Bincike

Shigowar sauti ta jefa masu shirya fim cikin wahala a shekarun farko. Na'urar ɗaukar hoto tana da ƙara, sai aka kulle ta cikin wani ɗan akwati mai tagar gilashi, ba ta iya yawo. Abin ɗaukar magana kuma ba ya ji daga nesa, sai a ɓoye shi cikin tukunyar fure ko bayan wayar tarho, 'yan wasa su taru kusa da shi su tsaya ƙiƙam. Finafinan sukuwa da faɗa suka sha wuya. Amma akwai irin labarin da wannan ƙunci bai dame shi ba, shi ne labarin binciken kisan kai, domin kayan aikinsa ɗaki ne guda, da gawa, da mutum shida ko bakwai da ake zargi, da mai tambaya. A zamanin shiru irin wannan labari yana gajiyar da mai kallo, don kuwa kowace tambaya da amsarta sai an rubuta. Da murya ta zo, sai ya zama ana iya jin inda mai ba da shaida ya yi in'ina, da inda ya amsa da sauri fiye da kima. Saboda haka tun daga 1929 aka ga William Powell a matsayin Philo Vance, da Ronald Colman a matsayin Bulldog Drummond, a Ingila kuma Alfred Hitchcock ya fitar da Blackmail.

Shi Charlie Chan ɗan littafi ne tun asali. Earl Derr Biggers ne ya ƙirƙiro shi a cikin The House Without a Key na 1925, ya kuma rubuta littattafai 6 a kansa kafin ya mutu a 1933. Ya sami ƙwarin gwiwa daga labarin wani ɗan sanda na gaske a Honolulu, tsibirin Hawayi, mai suna Chang Apana, siririn mutum mai tabo a fuska, wanda yakan shiga matattarar 'yan caca da bulala kawai a hannu. Biggers ya ɗauki aikin Apana ya bar siffarsa, ya yi wani mutum mai jiki, mai haƙuri, uban 'ya'ya da yawa, da nufin ya zama kishiyar Fu Manchu. An gwada shi a fim sau uku kafin Oland: George Kuwa a 1926 da Sojin a 1927, dukansu Japanawa, sai E. L. Park, ɗan asalin Koriya, a 1929. Amma a na farko da na ƙarshe an rage matsayin Chan ƙwarai, ya koma ɗan rakiya a cikin labarin da shi ne ya kamata ya ja ragamarsa. Sai da aka ba Bature matsayin sa'an nan aka yarda Chan ya tsaya a tsakiyar fim.

Charlie Chan Carries On ya fito a 1931, ya sami karɓuwar da ba a zata ba. Nan da nan aka tafi Honolulu aka ɗauki The Black Camel a wannan shekara, tare da Bela Lugosi, a can ne kuma Oland ya sadu da Chang Apana ido da ido. Lokacin kuwa tattalin arzikin Amurka ya karye, kamfanin Fox yana tangal-tangal, sai finafinan Chan suka zama cikin 'yan abubuwan da yake dogara da su, tare da na Will Rogers da na yarinyar nan Shirley Temple. Ba su da tsadar shiryawa, tsawonsu bai cika wuce sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba, kuma kowanne yakan mayar da kuɗinsa da riba. Da littattafan Biggers suka ƙare sai marubutan kamfani suka shiga yawo da Chan: Landan a 1934, Faris da Masar da Shanghai a 1935, sa'an nan filin wasan dabbobi, da filin sukuwa, da gidan waƙar opera a 1936.

Salon Wasansa

Abin da ya fi jawo hankali a wasan Oland shi ne ƙarancin abin da yake yi. Bai yi amfani da kwalliya mai yawa ba. Yakan taje girarsa sama, ya sauko da gashin bakinsa ƙasa, ya bar ɗan gemu a ƙarƙashin leɓe, shi ke nan. Sauran aikin murya ce da lokaci. A zamanin da 'yan wasa da yawa suke ɗaga murya kamar suna kan dandamali don tsoron kada na'ura ta kasa jin su, shi sai ya sassauta tasa. Yakan ɗan jinkirta kafin ya ba da amsa, kamar mai juya magana daga wani harshe a zuciyarsa, ya rusuna kaɗan, ya yi murmushi, sa'an nan ya jefa tambayar da za ta kwance wa mutum zani a kasuwa. Wannan jinkiri shi ne makaminsa. Mai kallo yakan ga masu laifi suna raina shi, suna sakin baki a gabansa saboda sun ɗauka bai fahimta ba, alhali kuwa yana tattara maganganunsu ɗaya bayan ɗaya, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Misali mai kyau yana cikin Charlie Chan in Paris. Wani mai zane ya tarbe shi da gwarancin Turanci irin wanda Turawa suke yi don yi wa Sinawa ba'a. Chan ya amsa masa da gaisuwa ta mutunci, sa'an nan ya mayar masa da irin gwarancin nasa a hankali, yadda kowa a wurin ya gane wa aka mayar wawa. Daga baya kuma ta bayyana mai zanen yana cikin masu laifin. Haka nan a cikin Charlie Chan at the Opera, inda Boris Karloff ya fito a matsayin mawaƙin da ya tsere daga gidan mahaukata, akwai wani sajan ɗan sanda da yake ta yi wa Chan shaguɓe saboda launinsa, amma a ƙarshe shi ne ya sha kunya. Daɗin daɗawa, a fim ɗin Faris ne aka shigo da Keye Luke, haifaffen Canton wanda ya girma a Seattle, a matsayin Lee, babban ɗan Chan. Lee yana magana da Turancin samarin Amurka, yana da gaggawa, kullum yana son taimakon ubansa yana ɓata aiki. Ƙaunar da ke tsakanin uban da ɗan ita ce ta fi kowane abu rai a cikin jerin finafinan, kuma ta wuce gaban na'ura, domin Luke ya ci gaba da yabon Oland yana kāre shi har ƙarshen rayuwarsa a 1991.

Mai nazarin adabin baka ba zai rasa lura da wani abu ba, watau maganganun hikima da Chan yake yawan jefawa, waɗanda aka gina su da siffar karin magana. Suna yin aikin da karin magana yake yi a bakin dattijo: su rufe gardama, su tsawata ba tare da zagi ba, su ɓoye nufi ga wanda ba a so ya gane. Sai dai akwai bambanci babba. Karin magana na gaske gadon al'umma ne, mai faɗa da mai ji duk sun san shi, ƙarfinsa kuwa daga wannan tarayya yake fitowa. Na Chan kuwa akasarinsu marubutan kamfani ne suka ƙaga su a ofis, suka jingina wa Sinawa. Ga kuma Turancin da aka ɗora masa, wanda aka zubar wa ƙananan kalmomi, ga mutumin da aka ce ya shekara da shekaru yana aiki a cikin masu jin Turanci. Wanda ya saba da wasannin kwaikwayo inda ake kwaikwayon Hausar baƙo don a ba da dariya ya san yadda irin wannan gwaranci yake manne wa kabila gaba ɗaya, ko da wanda aka sa wa shi mutumin kirki ne a cikin wasan.

A nan ne gardamar da ake yi a kan Oland take. Masu kāre shi suna cewa a lokacin da sinima ba ta san Basine ba sai a matsayin mugu ko bara, shi ya nuna Basine wanda ya fi kowane Bature a ɗakin hankali. Masu suka, irin su marubuci Frank Chin, suna ganin cewa Chan ya sami karɓuwa ne domin ba ya tsorata kowa: yana rusunawa, yana neman gafara, yana hidima ga dokar Turawa. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma akwai hujjoji biyu da suke nauyaya ma'auni. Ta farko, Charlie Chan in Egypt, wanda ya mutunta Basine, shi ne kuma ya sa baƙar fata Stepin Fetchit ya fito a matsayin malalacin bara matsoraci, abin da yake nuna cewa kamfanin bai tuba daga raina mutane ba, ya dai zaɓi wanda zai raina. Ta biyu ita ce Anna May Wong, Basiniya haifaffiyar Los Angeles, wadda ta yi wasa tare da Oland a Daughter of the Dragon da Shanghai Express. Duk da gwanintarta, da aka tashi yin The Good Earth na 1937 an hana ta babban matsayin matar manomi Basine, aka ba Luise Rainer, Baturiya, wadda ta ci lambar Oscar da shi. Laifin Oland a cikin wannan tsari kaɗan ne, amma ribarsa a ciki mai yawa ce.

Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne yadda Sinawan kansu suka karɓe shi. Hukumomin Sin sun hana nuna Shanghai Express saboda suna ganin ya ci mutuncin ƙasarsu, amma finafinan Chan suka yi farin jini a can. Oland ya ɗauki abin da gaske, ya shiga koyon harshen Sinanci da rubutunsa, har ya furta wasu jimloli da shi a fim ɗin Shanghai. Da ya ziyarci birnin Shanghai a 1936 aka tarbe shi da girmamawa, jaridu suna kiransa da sunan Chan. A wannan shekara Anna May Wong ita ma ta je ƙasar kakanninta, ta tarar da suka mai zafi a kan irin matsayin da take fitowa a ciki. Daga baya kamfanonin Shanghai da Hong Kong suka yi nasu finafinan Chan, inda ɗan wasa Basine yake kwaikwayon tafiya da maganar Baturen da yake kwaikwayon Basine.

Ƙarshen Rayuwarsa

Duk wannan ɗaukaka tana tafe ne tare da wata cuta da ta daɗe tana cin sa, watau shan barasa. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ba da labari daga baya cewa wani ɓangare na jinkirin nan da ake yabo daga kwalba yake fitowa, kuma tun da abin yana yi wa fim kyau, ba kowa ne ya damu ya hana shi ba. A 1937 ya yi finafinai uku, ciki har da Charlie Chan at the Olympics, wanda aka saka wa hotunan gaske na wasannin Berlin na 1936. A cikinsa Chan ya tafi Jamus a jirgin balan-balan Hindenburg, jirgin da ya ƙone ranar 6 ga Mayu 1937, 'yan makonni kafin a fara nuna fim ɗin. A shekarar nan ce aurensa na kusan shekara 30 ya lalace, Edith ta kai ƙara kotu.

A watan Janairu na 1938 aka fara ɗaukar Charlie Chan at the Ringside, fim na 17. Ana cikin aiki Oland ya fita daga wurin, bai sake dawowa ba. Kamfanin bai yarda ya yi asarar abin da ya kashe ba, sai ya juya labarin ya zama Mr. Moto's Gamble, aka ba Peter Lorre, wani Baturen da yake fitowa a matsayin ɗan sandan ciki Bajapane, aka bar Keye Luke a ciki a matsayin ɗan Chan ba tare da uban ba. Oland ya yi jinya a asibiti, ya ɗan farfaɗo, har ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya ta finafinai uku. A watan Afrilu aka yanke hukunci a kan rabuwarsa da matarsa, ya shiga jirgin ruwa zuwa Turai, daga bisani ya isa ƙasar haihuwarsa. A can ciwon huhu ya kama shi, ya tarar da ƙirjin da taba ta riga ta raunana. Ya mutu a wani asibiti a Stockholm ranar 6 ga Agusta 1938, yana da shekara 58.

Kamfanin ya ba Sidney Toler matsayin, ya yi finafinai 22, bayansa Roland Winters ya yi 6 har zuwa 1949, dukansu Turawa. Keye Luke ya bar jerin bayan mutuwar Oland, bai koma ba sai a finafinai biyu na ƙarshe, kuma a 1972 shi ne ya ba da muryar Chan a wani wasan zane na talabijin. A 2003 tashar finafinai ta Fox ta dakatar da shirin nuna tsofaffin finafinan Chan bayan ƙungiyoyin Amurkawa 'yan asalin Asiya sun yi ƙorafi. Daga cikin finafinai 16 na Oland, 12 ne suka rage. Huɗu na farko-farko, har da Charlie Chan Carries On wanda ya fara ɗaukaka shi, sun ɓace, kuma ana danganta haka da gobarar da ta cinye ma'ajiyar Fox a Little Ferry ta jihar New Jersey a watan Yuli na 1937, tun yana da rai. An ƙone gawarsa a Suwidin, Edith ta ɗauko tokar ta kawo Amurka, aka binne a maƙabartar garin Southborough ta jihar Massachusetts, inda suke da gidan gona.